Discovery na Daft Punk: kayan aro ne ko gwaninta?

Wani ƙanena a wannan sana'a tamu ta haɗa sauti ya turo mini tambaya. Ya ce duk inda aka lissafa manyan faya-fayen kiɗan rawa na na'ura sai ya ga Discovery na Daft Punk a sahun gaba. Ya nema ya saurara, ya ji daɗinsa. Daga baya ya ci karo da wani bidiyo a YouTube da aka jera tsofaffin waƙoƙin da suka yanko, kowacce kusa da tasu. Sai ya ce: "Yaya, ashe duk kayan aro ne? To me ake kurantawa, kuma me faifan ya bar wa na baya?"

Ƙanena, bidiyon bai yi musu ƙarya ba. A jikin takardar faifan ma su da kansu sun rubuta aro huɗu. "Digital Love" ta tashi ne daga mabuɗin "I Love You More" ta George Duke. "Harder, Better, Faster, Stronger" tana zaune a kan "Cola Bottle Baby" ta Edwin Birdsong. Duka biyun waƙoƙin 1979 ne. "Crescendolls" ta ɗebo daga "Can You Imagine" ta ƙungiyar Imperials, "Superheroes" kuma daga wata waƙar Barry Manilow. Akwai wasu da ba su rubuta ba, masu kunne suka tono su daga baya. A cikin huɗun nan, ta Birdsong ce ba zan tsaya ina kare su a kai ba: sun ɗauki gangar jikin kiɗan kusan yadda yake, suka ƙara masa sauri. Wanda ya ji na asalin ya ji rabin nasu. Amma in ka yanke wa faifai mai waƙa 14 da tsawon sa'a ɗaya hukunci da wannan kaɗai, ka yi wa kanka asara, domin abin koyo yana cikin sauran.

Sai ka fara sanin gidan da suka fito. Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo 'yan Paris ne, sun haɗu a makarantar sakandare a 1987. Da jita suka fara, a wata ƙungiyar rok mai suna Darlin', har wani mai sharhi a mujallar Melody Maker ta Ingila ya yi wa kiɗansu ba'a da kalmomin da suka mayar sunansu a 1993. Mahaifin Bangalter, Daniel Vangarde, marubucin waƙa ne kuma furodusan disko, yana cikin waɗanda suka yi wa Ottawan da Gibson Brothers aiki. Wato yaron ya tashi disko na dafuwa a cikin gidansu. Shi kuwa kiɗan haus da suka rungume, ɗan disko ne na cikinsa. Bayan Amurka ta juya wa disko baya a 1979, har aka tara faya-fayensa aka tarwatsa a filin wasa a Shikago, baƙaƙen fata masu juya faifai a wannan birni, irin su Frankie Knuckles, suka ci gaba da kaɗa shi a gidajen rawa, suna ƙara masa ganga ta na'ura. Daga nan haus ya fito. Saboda haka ɗaukar guntun tsohon faifai a yi ta maimaita shi a kan ganga shi ne harshen wannan kiɗa tun haihuwarsa. Daft Punk ba su ɓoye malamansu ba. A faifansu na farko, Homework na 1997, akwai waƙa guda da ba a yi komai a cikinta ba sai jero sunayen waɗanda suka koya a wurinsu.

Kada ka haɗa wannan da aron da muka sani a nan. Mawaƙin nanaye da ya ɗauki karin waƙar Indiya, kari kawai ya ɗauka: zai zauna da mai fiyano a sake kaɗawa, ya ɗora baitinsa. Mai samfur kuwa sautin da aka riga aka naɗa yake yankowa, da hannun mai gangar, da amon ɗakin da aka yi naɗin, da ƙurar faifan. Gwanintarsa irin ta tela ce da aka miƙa wa tsohuwar babbar riga aka ce ya fitar da sabon ɗinki: ina zai sa almakashi, me zai zubar, wane gefe zai juya.

Ɗauki "One More Time", wadda ta fita a ƙarshen 2000 ta hau lamba ɗaya a Faransa, ta biyu a Birtaniya. Busar ƙahon nan da kowa ya haddace daga "More Spell on You" ta Eddie Johns take. Je ka saurari ta asalin, za ka sha wuya kafin ka gano wurin. Dalili shi ne busar da kake nema babu ita a can. 'Yan gutsattsari suka ciro, kowanne bai kai numfashi ɗaya ba, suka sauya musu jeri, suka maimaita wani fiye da wani, sai ga wani kari da Eddie Johns bai taɓa kaɗawa ba. "Face to Face" ta fi wannan nisa. Sun yi ta da Todd Edwards, Ba'amurke ɗan New Jersey wanda ya yi suna wajen yayyanka sauti ƙanana-ƙanana, kuma gutsattsarin da ke cikinta gomomi ne, daga faya-fayai daban-daban, wani guntun jita, wani rabin kalma daga bakin mawaƙi. Kowane guntu sai an daidaita muryarsa da ta maƙwabcinsa kafin su zauna a maƙami ɗaya. Na taɓa zama na kwana biyu ina gwada irin wannan da faya-fayai shida kacal, abin da na samu a ƙarshe ya fi kama da rediyo mai neman tasha.

Ka kuma tuna da kayan aikin. Tsakanin 1998 da 2000 suka yi faifan, a gidan Bangalter, da injinan samfur irin su E-mu SP-1200 da Akai MPC, da gangunan na'ura irin su Roland TR-909 da LinnDrum da Oberheim DMX. SP-1200 daƙiƙa goma kacal take iya riƙewa, kuma tana ɗan ƙona sautin, ta ba shi kaushi. Wanda yake da daƙiƙa goma dole ya san abin da yake so kafin ya danna. Kai da kwamfutarka za ka iya loda faifai ɗari, kuma wannan yalwar ce take hana da yawa daga cikinmu yanke shawara.

Dabaru biyu na miksin suke ɗaure gutsattsarin nan su zama jiki ɗaya. Ta farko filta ce. Ka san yadda kake jin kiɗan biki daga bayan katanga, ganga da bes kawai ke isowa, sa'an nan in ka tura ƙofa sai duk amon ya buɗe maka? Haka suke yi wa samfur, su rufe samansa, su riƙa buɗewa a hankali har ran mai rawa ya kai maƙogwaro. Ta biyu ita ce kwamfuresa da ake sa wa ta saurari kik, wato bugun babbar ganga. Duk sanda kik ya sauka, sau huɗu a kowane zagaye, sai ta danne sauran kiɗan, in ya wuce ta sake shi. Sakamakon shi ne kiɗan yana numfashi, yana shiga yana fita. An san su da amfani da wata kwamfuresa mai arha, Alesis 3630, wadda manyan situdiyo ke raina wa. Ba su ne suka ƙirƙiro dabarun nan ba, kuma Bangalter ya riga ya gwada su a 1998 a "Music Sounds Better with You" ta Stardust, wadda aka gina a kan ɗan guntun jita daga waƙar Chaka Khan. Abin da Discovery ya ƙara shi ne ya ɗauke su daga kiɗan da ake yi don masu juya faifai, ya kai su cikin waƙa mai baiti da amshi da gada.

Nan ne bidiyon naka ya yi shiru, don abin da suka kaɗa da hannunsu ba shi da tsohon faifan da za a ajiye kusa da shi. Sun ce faifan ƙoƙari ne na komawa kunnen yarinta, shekarun 1975 zuwa 1985, lokacin da yaro ke son waƙa don ta yi masa daɗi, bai san wadda masana ke ganin girmanta da wadda suke raina wa ba. A 2001 wannan ƙarfin hali ne. Masu kiɗan haus na lokacin suna ƙyamar waƙoƙin sintesaiza masu zaƙi da suka cika rediyon Turai a farkon shekarun 1980, suna ƙyamar dogon kukan jita na 'yan rok masu gashi. Su kuwa suka kwaso duka. A "Digital Love", samfurin George Duke tushe ne kawai. Baitin saurayi mai mafarkin yarinyar da ya kasa yi wa magana, da fiyanon Wurlitzer da ke shigowa a tsakiya, da dogon kukan nan na ƙarshe da ba ka iya rantsewa jita ce ko sintesaiza, duk sabon gini ne, ba aro ba. "Aerodynamic" ta buɗe da ƙararrawa, ta shiga fank, sai kwatsam ganga ta tsaya jita ta haukace, sa'an nan ta sauka a wani kari mai sanyi kamar na tsofaffin mawaƙan cocin Turai. Abu uku da ba sa zama a tabarma ɗaya, cikin minti uku da rabi.

Ni dai inda na fi tsayawa shi ne rabin faifan na biyu, wanda ba a cika kaɗawa a gidan rawa ba. Bes ɗin "Voyager" darasi ne a kan fank: ba yawan bugu ke sa jiki motsi ba, gurbin da aka bari tsakanin bugu ne, da yadda bes ke shigowa gab da inda ka zata ko jim kaɗan bayansa. "Something About Us" waƙar soyayya ce a hankali, muryar inji tana faɗin abin da mutum ke jin nauyin faɗa. "Short Circuit" ta fara da ƙarfi, sai a rabi na biyu suka riƙa rage ingancin sautin da gangan har ya ruɓe a kunnenka, kamar na'urar da batirinta ke mutuwa. "Veridis Quo" kuwa ko sunanta wasa ne: in ka furta shi da sauri ka ji "very disco", in ka juya kalmomin biyu ka sami sunan faifan. Af, kada sunan "High Life" ya ruɗe ka, ba ta da dangantaka da hailaif ɗin Gana.

Sai batun murya, wanda ya fi shafarmu. Auto-Tune ya fito a 1997 don gyaran kuskuren mawaƙi a ɓoye. Cher ta fito da shi fili a 1998. Romanthony, wanda ya rera "One More Time", mawaƙi ne na gaske da ba ya bukatar gyara, amma suka murɗa na'urar har ƙarshe suka mayar da muryarsa kamar ƙarfe mai sheƙi. An zage su a kan haka. Bangalter ya mayar da martani da cewa abin ya tuna masa da mawaƙan Faransa da suka nemi a hana sintesaiza a ƙarshen shekarun 1970. Kai da ke aiki a inda kusan kowace waƙar fim sai an bi ta da wannan na'ura, ga abin lura. A tsakiyar waƙar sun cire ganga gaba ɗaya na kusan minti biyu, suka bar muryar da ɗan sauti mai laushi a ƙarƙashinta. A waƙar rawa, wannan kasada ce. Sun yi ta ne don sun san muryar injin tana ɗauke da wani abu, murna mai ɗan baƙin ciki a ciki, irin ta daren ƙarshe na biki. Mu sau da yawa muna kunna na'urar ne don kowa na kunnawa, ba mu tambayi me take ƙara wa wannan baitin ba. A "Harder, Better, Faster, Stronger" kuma, wadda na ce ba zan kare aronta ba, muryar ce ta fanshe su: 'yan kalmomi ƙalilan aka bi da su ta na'urar bokoda, mai mayar da murya kamar ta inji, ana sake jera su, ana hawa da sauka da su, har muryar ta koma kayan kiɗa tana yin abin da jita ke yi.

Da faifan ya fita a Maris 2001 ya kai lamba biyu a Faransa da Birtaniya, amma a Amurka a lokacin bai wuce ta 44 ba. Masu sharhi sun rabu. Shafin Pitchfork ya ba shi 6.4 cikin 10. Shi wannan shafin ne ya sa shi na uku a faya-fayen shekarun 2000 gaba ɗaya, sa'an nan a 2021 ya dawo ya gyara makin zuwa 10. A lokacin fitar faifan ne kuma Daft Punk suka fara sa kwalkwalin mutum-mutumi, suna ba 'yan jarida tatsuniyar cewa injin samfur ya fashe da su ranar 9 ga Satumba 1999 da ƙarfe 9:09, suka farka a haka. Mai TR-909 ya gane barkwancin. A 2003 suka fitar da Interstella 5555, fim ɗin zane da suka yi da Leiji Matsumoto na Japan, wanda zanensa suka tashi suna kallo a talabijin. Babu magana a fim ɗin, faifan ne daga farko har ƙarshe.

Gadonsa ya bi ta ƙofa biyu, kuma ba su yi daidai da daraja a wurina ba.

Ƙofa ta farko ita ce dandali. A Afrilun 2006, a bikin Coachella na Kalifoniya, suka fito a cikin wani dala na fitilu suna cakuɗa waƙoƙinsu da juna. Amurkawa da yawa a ranar suka fara yarda cewa mutum biyu da na'ura za su iya cika fili kamar ƙungiyar rok. A 2007 Kanye West, wanda ya tashi a Shikago, ya ɗauki muryar "Harder, Better, Faster, Stronger" ya gina "Stronger", ta hau lamba ɗaya a Amurka, ya kuma fito da su a bikin Grammy na 2008. Ka lura da silsilar: Birdsong a 1979, Paris a 2001, Shikago a 2007, wato kiɗan ya zaga ya koma garin da haus ya fito. Manajansu Pedro Winter ya kafa kamfanin Ed Banger a 2003, inda Justice suka fito. Daga nan zuwa guguwar manyan bukukuwan kiɗan na'ura da ta mamaye Amurka wajen 2010 tafiyar ba ta da nisa, kuma irin su Skrillex sun faɗi da bakinsu cewa ganin dalan nan ya taɓa su. Sai dai abin da wannan guguwa ta gada galibi fitilu ne, da rufe fuska, da kwamfuresa mai numfashi da aka murɗa har ta zama haki. An ɗauki ƙarar an bar kunnen.

Ƙofa ta biyu ta fi shiru, ta kuma fi daɗewa. Bayan Discovery, mai kiɗan na'ura ya daina jin kunyar zaƙi. Ya halatta ka so disko da fank da waƙar sintesaiza a fili, ka yi waƙar da za ta sa a yi rawa kuma a yi kewa a lokaci guda. Porter Robinson da Madeon daga wannan ƙofa suka shigo. Ita ce kuma ta share hanyar da The Weeknd ya bi har ya yi "Starboy" da "I Feel It Coming" tare da su a 2016, da irin faifan Dua Lipa na 2020 da ya dawo da disko rediyo. Su kansu Daft Punk da suka ga abin da ƙofar farko ta haifa, sai suka juya. A Random Access Memories na 2013 kusan sun ajiye samfur, suka kashe kuɗi suka tara masu kaɗawa da hannu, suka kira Nile Rodgers da Giorgio Moroder, mutanen da suka yi irin faya-fayen da a da suke yanka. Wannan ne ya ci kyautar faifan shekara a Grammy na 2014. Ana yawan cewa shi ne gwaninsu. Ni ban yarda ba. Faifai ne mai kyau da tsada, amma ladabinsa ya yi yawa. Discovery yara biyu ne a ɗaki suna wasa da kayan manya ba tare da sun nemi izini ba, kuma wannan rashin kunyar ake ji har yau. Sun sanar da rabuwarsu ranar 22 ga Fabrairu 2021.

Akwai wani ɓangare na tambayarka da nake ganin kana da gaskiya fiye da yadda ka zata. Duk faifan da aka naɗa yana da masu haƙƙi biyu: wanda ya rubuta waƙar, da wanda ya mallaki naɗin. Sau da yawa mawaƙin da ka ji muryarsa ba ya cikin ko ɗaya. Birdsong an rubuta sunansa, don haka da Kanye ya zo, sunansa ya bi waƙar har can. Eddie Johns, haifaffen Laberiya, ba a rubuta nasa a takardar faifan ba. A 2021 jaridar Los Angeles Times ta same shi a yankin wannan birni, ya yi fama da shanyewar jiki da rashin matsuguni, ya ce bai taɓa ganin ko sisi daga "One More Time" ba. Wakilan Daft Punk sun tabbatar da aron, suka ce suna biyan kuɗin ga kamfanin Faransa da ke riƙe da haƙƙin naɗin, kamfanin kuma ya ce ya nemi mawaƙin bai same shi ba. A takarda babu wanda ya yi sata. Kuma labarin fim ɗin nasu, in ka kalla, na wasu mawaƙa ne da aka sato daga wata duniya, aka shafe musu tunani, aka sauya musu launin fata, wani attajiri yana tara dukiya da kiɗansu.

In kana son ka san ko aikin nan gwaninta ne, kada ka tsaya a bidiyon. Ɗauki tsohon faifai ɗaya da kake so, ka yanko daƙiƙa goma, ka haramta wa kanka ƙari. Raba su gida huɗu ko biyar, ka sauya jerin har sai ka sami karin da babu shi a na asalin. Sa kik a ƙasa, ka bar kwamfuresa ta saurare shi, ka rufe filta ka buɗe. Sa'an nan ka rubuta baiti da amshi a kai, ka nemi wurin da za ka cire gangar gaba ɗaya ka ga ko waƙar za ta tsaya da ƙafarta. In ta tsaya kuma ka yi niyyar fitar da ita, kafin ka ɗora ta a intanet ka nemo wanda ya rubuta ta asalin da wanda ya mallaki naɗin, ka kuma tambaya ko mai muryar yana raye. Ka turo mini in ji.